Shara, Tarkace da Shirme a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi kan Rubbish, Trash, Junk, Nonsense da 'Yan Uwansu

Ƙamus yakan jera waɗannan kalmomi wuri guda kamar duk ma'anarsu ɗaya. A bakin masu harshen kuwa kowace da mazauninta: wata ta Birtaniya ce, wata ta Amurka, wata ta takardar gwamnati, wata kuma ba ta faɗuwa gaban manya. Ga tambayoyin da ɗalibai, masu fassara da ma'aikatan ofis suka fi yi a kansu.

Ƙamus ya ce *rubbish*, *garbage* da *trash* duk shara ce. To ina bambancin?

Bambanci na farko na ƙasa ne. Mutumin Birtaniya *rubbish* yake cewa ga duk abin da ya zuba a kwandon shara. Ba'amurke kuma *trash* ko *garbage* zai ce, da wuya ka ji *rubbish* a bakinsa. Turancin da ake koyarwa a makarantun Najeriya da Ghana na Birtaniya ne, shi ya sa *rubbish* ta fi zama a kunnenmu, ko da yake fina-finai da wayar hannu sun shigo mana da sauran biyun.

A cikin Amurka kanta akwai wani tsohon rabo. *Garbage* ita ce jiƙaƙƙiyar shara ta kicin: ɓawon kayan miya, ragowar abinci, ƙashi, duk abin da zai ruɓe ya yi wari. *Trash* kuma busasshiya ce: takarda, kwali, leda, fasasshen kaya. Yau yawancin Amurkawa suna musanya su ba tare da tunani ba, amma rabon bai mutu ba. Injin da suke haɗawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke don niƙe ragowar abinci *garbage disposal* ne sunansa, ba mai kiransa da ɗaya kalmar.

Tarihin kalmomin ya bayyana dalili. A ƙarni na 15 *garbage* na nufin kayan cikin kaza ko na dabba da aka yanka, wato tun asali jiƙaƙƙen abu ne. *Trash* kuwa ta fara ne da ma'anar ganyaye da ƙiraren da suka zubo daga bishiya. Dukansu a Ingila aka haife su, har Shakespeare ya sa *trash* a bakin Iago cikin wasan Othello. Daga baya Ingilishi suka rage amfani da su, Amurkawa suka riƙe.

Shawararmu ita ce ka zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kai cikin rubutu guda. In ka rubuta *colour* da *centre* irin na Birtaniya, to *rubbish* ce taka.

Me ya sa hukumomi ba sa rubuta *rubbish* a sunansu, sai *waste* ko *refuse*?

Domin waɗannan biyun su ne kalmomin hukuma. Hukumar kwashe shara ta Kano, REMASAB, sunanta ya fara da *Refuse Management*. Ta Legas, LAWMA, *Waste Management* ce. A rahoto, a doka, a takardar kwangila, su za ka gani.

*Waste* ta fi faɗi. Tana ɗaukar sharar gida, dagwalon masana'anta, allurai da audugar da asibiti ya zubar, har da ruwan ƙazanta. Ana cewa *industrial waste*, *medical waste*, *toxic waste*, *nuclear waste*. Ba a cewa *nuclear rubbish*. Tana kuma da ma'ana ta biyu, wato ɓarna ko asara: *a waste of time* ɓata lokaci ne, *a waste of money* kuma asarar kuɗi.

*Refuse* tana da tarko a wajen furuci. In shara ake nufi, nauyin murya na kan gaɓar farko, ƙarshen kuma sautin s ne: REF-yus. In ƙin yarda ake nufi, nauyin na kan gaɓa ta biyu, ƙarshen sautin z: ri-FYUZ. Rubutu ɗaya, kalma biyu. Mai karanta labarai da ya furta *refuse collection* da furucin ƙin yarda ya sauya ma'anar jimlar ga mai sauraro.

Ita kuma *litter* fa?

Shara ce da aka yasar inda bai kamata ba: ledar ruwa a bakin titi, kwalba a filin wasa, takardar alewa a harabar makaranta. Da zarar an tsince ta an sa a kwando ta koma *rubbish* ko *trash*. Tana aiki a matsayin aikatau ma, shi ya sa allo yake cewa *Do not litter*. A kula da wata ma'anar daban: *a litter of puppies* 'ya'yan kare ne da aka haifa a ciki ɗaya.

Malam, tsohon firiji da ya mutu yana ajiye a bayan ɗaki. *Rubbish* ne ko *junk*?

*Junk* ne. Wannan ita ce kalmar da ta fi kusa da tarkace: kayan da suka tsufa ko suka lalace, amma ba a zubar ba, suna cin wuri a soro ko a ƙarƙashin gado. Ba sa wari, ba sa ruɓewa, kuma wataƙila wani ya saya. Asalin kalmar a bakin matuƙan jirgin ruwa take, suna kiran tsofaffin guntayen igiya da ita.

In an kai firijin wajen 'yan gwangwan an fasa shi don a auna ƙarfen a kilo, ya zama *scrap*. Sana'ar jari-bola a Turanci cinikin *scrap metal* ce, filin da ake tara kayan kuma *scrapyard* ko *junkyard*. *Scrap* tana ɗauke da ma'anar abin da za a narka a sake sarrafawa, don haka tana da daraja a kasuwa. Kuskure ne ɗan kasuwa ya rubuta wa mai saye a waje cewa yana sayar da *rubbish*.

Daga *junk* aka samu wasu haɗe-haɗe da suka kafu, ba a sauya musu kalma. *Junk food* abinci ne mai yawan mai, sukari da gishiri, maras gina jiki. *Junk mail* wasiƙun talla ne da ba ka nema ba. *Junk bond* kuma takardar lamuni ce da kamfanonin auna bashi suka sa ƙasa da matakin BBB- a ma'aunin S&P da Fitch, ko ƙasa da Baa3 a ma'aunin Moody's. Idan jarida ta ce an mayar da bashin wata ƙasa *junk status*, ba zagi take yi ba, wannan mataki take nufi: masu ba da rance suna ganin haɗarin ƙin biya ya yi yawa, don haka za su nemi ruwa mai tsada.

Ɓaraguzan gini kuwa *rubble* ne, wato bulo, siminti da duwatsu. Abin da ya warwatse bayan hatsari, ambaliya ko fashewa *debris* ne, kuma ba a furta s ɗin ƙarshe.

Ana cewa *rubbishes* ko *junks* in suna da yawa?

A'a. Nan ne aka fi yin kuskure, kuma masu duba jarrabawa suna ja masa jan biro. *Rubbish*, *garbage*, *trash*, *junk*, *litter*, *refuse*, *debris* da *nonsense* duk sunaye ne da Turanci ba ya ƙirgawa. Ba sa ɗaukar s na jam'i, ba sa ɗaukar *a* a gaba, kuma aikatau ɗinsu na tilo ne: *the rubbish is outside*.

In kana son nuna yawa ko guda, sai ka aro ma'auni: *a piece of junk*, *a bag of rubbish*, *a pile of garbage*, *a load of nonsense*. Tambayar yawa kuma da *how much* ake yi, ba *how many* ba.

Akwai togaciya biyu. Masana kimiyya sukan rubuta *wastes* in suna nufin nau'o'in dagwalo daban-daban. Sannan a Turancin Birtaniya ana cewa *to make a nonsense of* wani abu, wato a mayar da shi abin banza, kamar yadda maguɗi yake yi wa zaɓe. Kalmar *junks* tana nan a ƙamus, sai dai jiragen ruwan Sin masu filafilai take nufi, kuma asalinta daban ne.

Yaya ake kiran kwandon shara, motar shara da bola?

A Birtaniya: *bin*, *dustbin* ko *rubbish bin*. Motar *bin lorry* ce ko *dustcart*, masu kwashewa *binmen*, a takarda kuma *refuse collectors*. Babban akwatin ƙarfe da ake ajiyewa gaban gidan da ake gyara *skip* ne, inda ake kai sharar kuma *tip*. Magidanci yakan ce *put the bins out* daren da motar za ta zo.

A Amurka: *trash can* ko *garbage can*, motar *garbage truck*, aikin fitar da shara *take out the trash*. Babban akwatin *dumpster* ne, sunan da ya fito daga kamfanin 'yan uwa Dempster na garin Knoxville a jihar Tennessee, waɗanda suka fito da shi a shekarun 1930. Bola ko juji *dump* ne. Wanda hukuma ta tsara, ana zubawa ana binnewa da ƙasa, *landfill* ne a ƙasashen biyu.

Rabon ya bi mu har cikin na'ura. Gmail da aka saita a Turancin Amurka *Trash* yake nunawa, wanda aka saita a na Birtaniya kuma *Bin*. Windows tana da *Recycle Bin*. Saƙon da ba a so yana shiga *Spam* a Gmail, a Outlook kuma *Junk Email*.

Na rubuta cewa shawarar shugabana *priceless* ce, abokina ya ce na zage shi. Gaskiya ne?

Ba ka zage shi ba, yabo ka yi. Amma tsoron abokinka yana da tushe, domin ɗafin *-less* yana ruɗarwa a nan. *Worthless* da *valueless* suna nufin abin da ba shi da daraja ko kaɗan. *Priceless* kuwa abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne. Haka *invaluable*: duk da *in-* ɗin da ke gabanta, tana nufin mai matuƙar amfani. Wanda ya rubuta wa malaminsa *your valueless advice* yana nufin godiya, ya ce masa shawararsa banza ce.

Tsakanin *useless* da *worthless* ma akwai tazara. Na farko kan amfani yake magana, na biyu kan ƙima. Tsohuwar takardar kuɗi da aka daina karɓa *worthless* ce. Wayar zinariya da ba ta kamawa *useless* ce, amma zinariyar tana da kuɗi.

Kayan da aka yi da ha'inci ko sakaci *shoddy* ne, kamar ginin da aka rage wa siminti. Kalmar ta fito daga masaƙun Yorkshire na farkon ƙarni na 19, inda ake yayyaga tsummokaran ulu a sake saƙa su. Ta yi baƙin suna a yaƙin basasar Amurka, lokacin da 'yan kwangila suka ɗinka wa sojoji kaki da irin wannan yadi yana yagewa a jikinsu. Kada a haɗa ta da jabu, wanda shi *fake* ko *counterfeit* ne, ko da gwanjo, wanda *second-hand* ne kawai. A rubutun adabi za ka gamu da *dross*, dattin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe irin kashin maƙera, da *chaff*, wato ƙaiƙayi. Inda Bahaushe zai ce a raba aya da tsakuwa, Bature *separate the wheat from the chaff* yake cewa.

In mutum yana zancen banza, *nonsense* zan ce ko *rubbish*?

*Nonsense* ita ce mafi aminci cikin dangin nan gaba ɗaya. Ana fahimtarta a ko'ina ake Turanci, ba ashar ba ce, kuma tana shiga jarida. Ma'anarta maganar da ba ta da kan gado ko ba ta da gaskiya, wato shirme. *Rubbish* tana yin wannan aikin a Birtaniya, da ɗan zafi da kusanci: *you're talking rubbish*. Ba'amurke zai ce *that's garbage*.

Aikatau ɗin da suka fi tafiya da shi *talk* ne: *talk nonsense*, *talk rubbish*. Amma *talk trash* wani abu ne daban. Cika baki ne da tsokanar abokin karawa kafin wasa, irin wanda ɗan dambe Muhammad Ali ya shahara da shi. Mai yin *trash talk* yana iya faɗin gaskiya tsantsa, niyyarsa dai ya karya wa abokin hamayya gwiwa.

Turancin Birtaniya ya ba *rubbish* ƙarin aiki biyu da Amurkawa ba su saba da su ba. Tana zama sifa: *I'm rubbish at maths*, wato ban iya lissafi ba sam. Tana kuma zama aikatau: *the minister rubbished the report*, wato ministan ya yi fatali da rahoton. Jaridun Najeriya suna son wannan na biyun a kanun labarai.

Sai kuma *no-nonsense*, wadda yabo ce. *A no-nonsense judge* alƙali ne da ba ya ɗaukar wargi.

Mene ne bambancin *gibberish*, *gobbledygook* da *drivel*?

Nan ne ƙamus ya fi cutar mai koyo, domin kowace tana nuna wata cuta daban a cikin magana.

*Gibberish* magana ce da ba a gane ko kalmominta: sambatun mai zazzaɓi, surutun jariri, ko haruffan da suka hargitse a allon kwamfuta in fayil ya lalace. Ba a cewa mai *gibberish* ya yi ƙarya, tunda ba a ma ji abin da ya ce ba.

*Gobbledygook* kalmomi ne na gaske, manya-manya, da aka tula har ma'ana ta ɓace, irin na wasu takardun gwamnati da sharuɗɗan banki. An san wanda ya ƙirƙiro ta: Maury Maverick, ɗan siyasar Teksas, a 1944, lokacin yana shugabantar wata hukumar gwamnatin Amurka a zamanin yaƙin duniya na biyu. Ya rubuta wa ma'aikatansa takarda yana hana su irin wannan rubutu, ya kuma ce kukan talo-talo ya kwaikwaya wajen ƙera kalmar.

*Drivel* ana gane ta sarai, sai dai ba komai a ciki: dogon surutu na wauta. Asalin ma'anarta dalalar da miyau. Kalma ce mai ciwo, masu sharhin littattafai da fina-finai suna amfani da ita in suna son nuna raini. Kusa da ita akwai *twaddle* da *piffle*, masu sauƙi, da *tripe*, wadda a kicin tumbin saniya ce. Mai fassara ya lura da mahallin jimlar kafin ya yanke ko nama ake nufi ko zancen wofi.

Na ga *balderdash*, *poppycock*, *claptrap* da *hogwash* a littafi. Zan iya amfani da su?

Za ka iya, amma ka san yadda za a ji ka. *Balderdash* da *poppycock* tsofaffi ne. Matashin Landan ba ya faɗinsu sai da wasa, kuma a rubutu suna ba da hoton dattijo mai tsohon yayi. *Balderdash* ta kai shekara 400, ta taɓa nufin gaurayen abin sha maras kyau. *Poppycock* a Amurka ta bayyana a tsakiyar ƙarni na 19, kuma yawancin ƙamusoshi suna danganta ta da wata kalmar mutanen Holan mai nufin kashi mai laushi, ko da yake yau ba mai jin ƙazanta a cikinta. *Codswallop* ta Birtaniya ce zalla, ba a santa sosai a Amurka ba.

*Claptrap* ta fi su amfani, domin tana da ma'anar da sauran ba su da ita. Daga gidan wasan kwaikwayo na ƙarni na 18 ta fito: dabarar da ɗan wasa yake yi don ya tarko tafi. Har yau tana nufin magana mai daɗin ji wadda ba komai a cikinta, an shirya ta don jama'a su yi shewa. Romon baka a dandalin kamfe shi ne *claptrap*, kuma marubucin sharhin siyasa yana iya sa ta ba tare da an ga baƙonta ba.

*Hogwash* asalinta ruwan wanke-wanke da ragowar abinci da ake ba aladu. Amurkawa suna faɗinta ba tare da tunanin alade ba, amma mai rubuta wa Musulmi ya san wasu za su lura da kalmar *hog* a ciki. *Humbug* kuma ta fi karkata ga yaudara da riya, kuma masu jin Turanci da yawa suna danganta ta da Scrooge, marowacin nan na labarin Kirsimeti da Charles Dickens ya wallafa a 1843.

Waɗanne ne na Amurkawa?

*Baloney*, *malarkey* da *bunk*. Dukansu masu sauƙi ne, ana faɗinsu gaban yara, kuma sukan tsaya a madadin kalmar ashar da mutum ba ya son furtawa. *Baloney* ta yaɗu a shekarun 1920, ana danganta ta da wani nau'in tsiran nama mai arha da ake kira da sunan birnin Bologna na Italiya. *Malarkey* ta shiga bakin duniya ta hanyar Joe Biden, wanda ya jefa wa Paul Ryan ita a muhawarar 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasa ta 2012, ya kuma rubuta *No Malarkey* a jikin motar kamfe ɗinsa a jihar Iowa a 2019.

*Bunk* gajeren *bunkum* ne, kuma labarinta sananne ne. A 1820, majalisar wakilan Amurka tana muhawara kan shigar da Missouri cikin tarayya da batun bauta, sai ɗan majalisa Felix Walker ya tashi da dogon jawabi da bai shafi zancen ba. Da aka nemi ya zauna, ya ce don mutanen Buncombe yake magana, wato wata gunduma a mazaɓarsa a Karolina ta Arewa. Sunan gundumar ya zama sunan jawabin da ake yi don a burge 'yan mazaɓa. Daga nan aka samu *debunk*, wato tona asirin ƙarya da hujja. Wannan ita ce kalmar da masu binciken gaskiyar labarai suke amfani da ita kullum, kuma ta dace da rubutu na ilimi, saɓanin uwarta.

*Crap* da *bullshit* fa? Ina jinsu a fina-finai kullum.

Yawan jinsu a fim shi yake sa mai koyo ya ɗauka ba komai ba ne. Dukansu suna da ma'anar kashi. *Crap* tana da sauƙi-sauƙi, abokai suna faɗa a tsakaninsu, amma ba ta shiga wasiƙar aiki, ba a faɗa wa malami, suruki ko abokin ciniki. Labarin da ake yaɗawa cewa daga sunan Thomas Crapper, mai sana'ar kayan bayan gida a Landan, aka samo ta ba daidai ba ne: kalmar ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, da ma'anar dusa da ragowar abu.

*Bullshit* ashar ce. Gidajen rediyo da talabijin da yawa suna toshe ta da ƙara, jaridu sukan sa taurari a madadin wasu haruffanta. Gajartawar *BS* ta rage zafin amma ba ta kawar da shi ba. Duk da haka ma'anarta tana da kaifi, har masanin falsafa Harry Frankfurt na jami'ar Princeton ya yi rubutu a kanta a 1986, aka buga shi littafi a 2005. Abin da ya nuna shi ne maƙaryaci ya san gaskiya, ɓoye ta yake yi, shi kuwa mai wannan hali bai damu da ko maganarsa gaskiya ce ko ƙarya ba, muddin za ta biya masa buƙata. Mai fassara zuwa Hausa zai fi dacewa da shaci-faɗi ko soki-burutsu a irin wannan wuri, ya ajiye ƙanzon kurege da zuƙi-ta-malle ga ƙaryar da aka shirya da gangan.

An ce *mumbo jumbo* daga Afirka ta fito. Haka ne?

Haka ne. Baturen Ingila Francis Moore, wanda ya yi aikin kamfanin fatauci a kogin Gambiya, ya ambace ta a littafin tafiyarsa na 1738, yana bayanin wani dodo mai rufe fuska na al'ummar Mandinka da ake fito da shi don sasanta rikicin gida. Turawa suka ɗauki sunan suka mayar da shi laƙabin duk wata al'ada ko magana da suke ganin tsafi ce maras ma'ana. Yau ana cewa *legal mumbo jumbo* ga yaren lauyoyi mai wuyar ganewa. Mu dai muna ba da shawarar a bar ta, musamman in ana magana kan addini ko al'adar wasu, domin rainin da aka haife ta da shi yana nan a jikinta. *Jargon* ko *gobbledygook* za su yi maka aikin.

Ana iya kiran mutum da waɗannan kalmomi?

Ana yi, kuma zagi ne mai nauyi. Ce wa mutum *trash* ko *garbage* a Amurka cire shi ne daga sahun masu mutunci. *White trash* cin mutunci ne ga talakawan fararen fata. *Scum* da *dregs of society* sun fi muni. *Junkie* kuma mai shan ƙwaya ne, daga *junk*, wani tsohon laƙabin miyagun ƙwayoyi, kuma ma'aikatan lafiya suna guje mata.

A Turancin Najeriya ana jin *nonsense man* ko *this nonsense boy*, inda kalmar ta zama sifa. A gida kowa ya gane. A waje ba a gina jimlar haka, kuma a jarrabawa kuskure ne. Ƙa'idar da ta fi tsare mutum ita ce ya sa kalmar kan magana ko aiki: *that argument is nonsense*. Da zarar ta koma kan mai maganar, muhawara ta zama faɗa.

A wasiƙar ofis, takardar kotu ko jarrabawar WAEC da IELTS, me zan rubuta?

Kusan babu ɗaya daga cikin na sama, in ban da *waste* da *refuse* ga shara ta zahiri. Rubutu na hukuma yana son ka faɗi ainihin abin da ya lalace a maganar. In zargi ba shi da hujja: *unfounded*, *baseless*, *groundless* ko *unsubstantiated*. In hujjar tana karo da kanta: *illogical* ko *incoherent*. In ta saɓa wa hankali ƙarara: *absurd*. In tana karkatar da mai karatu: *misleading*. In ba ta shafi zancen ba: *irrelevant*.

Kotu tana da nata. Alƙali yakan kori ƙara ya ce *lacking in merit*. *Frivolous* ƙara ce da ba ta da tushen shari'a, *vexatious* kuma wadda aka shigar don a wahalar da wanda ake ƙara. Lauya da ya rubuta cewa hujjar abokin aikinsa *rubbish* ce zai jawo wa kansa tsawatarwa.

Misali, maimakon *the allegation is rubbish*, rubuta *the allegation is unfounded*, sannan ka kawo dalili a jimla ta gaba. Kalmar farko fushinka kawai ta nuna, ta biyu kuwa ta ɗora wa mai zargi nauyin kawo shaida.

A takardar bayanin taro na ga *the issue was trashed out*. Daidai ne?

Kuskure ne da ya yaɗu a ofisoshinmu. Abin da ake nufi *thrashed out* ne, da h bayan t, wato an tattauna batu ciki da waje har aka cimma matsaya. Kalmar 'yar uwar *thresh* ce, sussukar hatsi. Da yake sautin th ba ya cikin harsunanmu, sai furuci ya koma t, rubutu kuma ya bi furuci. *To trash* kuwa lalatawa ne ko zubarwa: *they trashed the room* sun yi kaca-kaca da ɗakin, *critics trashed the film* masu sharhi sun yi wa fim ɗin kaca-kaca. Haka a labarin ƙwallo, ƙungiyar da ta ci 5 da nema *thrashed* ta yi wa abokiyar karawarta. Sakataren da ke rubuta bayanin taro ya duba wannan h ɗin kafin ya miƙa wa shugaba ya sa hannu.